Don Allah a riƙa barin mai aiki ya nutse cikin aikinsa

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gaishe ka tare da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira ya kuma saka da alheri. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe da tsaya mani a rai.

Kullum kukan da ake yi shi ne mutanen yanzu ba su da nutsuwa, ɗalibi ba ya iya zaman awa ɗaya a kan littafi, ma'aikaci zai yini a ofis ya tashi a gajiye liƙis amma in ka ce ya nuna maka abu ɗaya da ya gama yau sai ya fara kame-kame. Kuma maganin da kowa ke bayarwa guda ɗaya ne, wai ka mai da hankali, ka daina lalaci, ka yi wa kanka faɗa. Ni dai a ganina wannan faɗan bai taɓa sa kowa ya nutsu ba, domin nutsewa cikin aiki ba da tsawa ake kiranta ba, akwai abubuwan da in sun haɗu sai ta zo da kanta, in kuma aka rasa su ko mutum zai yini yana cije leɓe ba za ta zo ba. Kuma abin da ya fi damuna shi ne da yawa daga cikin masu yi wa mutane wannan faɗan su ne da hannunsu ke rusa abubuwan.

Duk wanda ya iya wata sana'a ya san yanayin da nake nufi. Ka dubi tela lokacin da ya zo wajen sa hannun riga, inda yadin ke lanƙwasa kuma in allura ta kauce ko da kaɗan ne sai an warware an sake. Ƙafarsa na kan feda, yatsu biyu suna tura yadin a hankali, ɗaya hannun yana riƙe da shi ta bayan allura, ya ɗan sunkuyo, tef ɗin awo na rataye a wuyansa ya ma manta da shi, za ka yi masa sallama sau biyu bai amsa ba, kuma wallahi ba wulaƙanci ba ne, bai ji ka ba ne kwata-kwata. In ya gama ya yanke zare ya ɗago kai sai ya tambaye ka ƙarfe nawa, in ka faɗa masa ya ce kai haba. A wannan ɗan lokacin ba ya tunanin bashin da ake binsa, ba ya tunanin ko ana kallonsa, ba ya ma tambayar kansa ko yana yi daidai, hannun da idon da aikin sun zama abu ɗaya. In ka duba ɗinkin da ya yi a lokacin za ka ga shi ne mafi tsafta a duk rigar.

Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin Hangari da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Shikago a Amurka, ya rasu a 2021, kusan duk rayuwarsa ta ilimi a kan wannan yanayi ya ƙarar da ita. Abin ya faro ne daga masu zane da yake lura da su, ya ga in zanen ya kama hanya sai su manta da yunwa da gajiya su yi ta yi, amma da zarar sun gama sai su jingine shi a bango ba su ƙara damuwa da shi ba, to sai ya tambayi kansa me suke nema ke nan in ba zanen da aka gama ba. Daga nan ya shiga hira da masu hawan duwatsu da likitocin tiyata da masu wasan dara na ces da masu tsara kiɗa da 'yan rawa, ya fitar da sakamakon farko a 1975, kuma ya tarar duk da sana'o'in ba su da alaƙa da juna bayanin da suke yi kusan iri ɗaya ne. Bai tsaya a hira ba, ya riƙa ba mutane wata 'yar na'ura mai ƙara suna yawo da ita na tsawon mako, tana yin ƙara sau da dama a yini ba tare da sun san lokacin ba, duk sanda ta yi sai mutum ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji a daidai wannan lokacin. Ka ga ke nan ba labarin tunawa ba ne, a kan aikin ake kama mutum.

Babban abin da ya gano, wanda ni a wurina shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya, shi ne sai nauyin aiki ya yi daidai da iyawar mai yin sa, ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan yadda sai ya miƙe tukuna zai kai. In aikin ya fi ƙarfinka nesa ba kusa ba fargaba ce za ta kama ka, in kuma ya yi maka sauƙi da yawa sai gundura ta zo, kuma duka biyun ƙarshensu ɗaya ne, hannu ya tafi neman waya. A nan ne nake ganin ana zaluntar yara 'yan makaranta sosai. Yaron da bai gama fahimtar raba lamba ba an tura shi gaba an ɗora masa lissafin da sai da rabawa ake yin sa, zai zauna ya ƙura wa takarda ido minti biyu ya ga ba mashiga, sai ya fara wasa da biro yana leƙen taga, malam ya ce ba ya mai da hankali. A aji ɗaya kuma ga wata yarinya da ta gama nata tun a minti biyar na farko an ce ta zauna ta jira saura, ita ma ta fara surutu, ita ma a ce ba ta da nutsuwa. Duka biyun ba halinsu ne matsalar ba, awon aikin ne bai zo daidai da su ba. Ka mai da yaron nan baya taki ɗaya inda zai iya cin shida cikin goma da ɗan gumi, ka ƙara wa yarinyar nan mai tauri, za ka sha mamakin shirun da za ka ji. Haka abin yake ga babba, in ka ga kana ta gudun wani aiki kwana da kwanaki to ka tambayi kanka tsoronsa kake ji ko ya gundure ka ne, in tsoro ne ka gutsuro ɗan abin da za ka iya ka fara da shi, in gundura ce ka ƙara wa kanka sharaɗi, ka ce yau sai na yi shi ba kuskure ko ɗaya, ko sai na gama kafin lokaci kaza.

Ban da wannan daidaiton akwai wasu sharuɗɗa guda biyu, su kuma ba su da wuyar ganewa. Dole mutum ya san takamaimai abin da zai yi yanzu-yanzu, “zan yi karatu” ba manufa ba ce, “zan warware tambayoyi goma na babi na uku” ita ce manufa. Sannan aikin ya riƙa nuna maka nan take ko kana kan hanya, kamar yadda makanike ke jin ƙarar inji ta canza yana juya sukurudireba. Wanda aikinsa ba ya ba da amsa da wuri, irin rubutu ko bincike, sai ya ƙirƙiro wa kansa ma'auni, shafi nawa, tambaya nawa ya amsa ba tare da ya leƙa littafi ba.

Wani abin mamaki da wannan masani da abokiyar aikinsa Judith LeFevre suka wallafa a 1989 shi ne mutane sun fi shiga wannan yanayi a wurin aiki fiye da lokacin hutu, amma duk da haka in suna wurin aikin sai su ce gara a ce suna wani wuri. Wato abin da ke ba mu gamsuwa muna gudunsa, muna ɗokin komawa gaban talabijin inda binciken nasa ya nuna hankali a kwance yake kawai ba wani armashi.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato katsewa. A 2009 wata mai bincike Sophie Leroy ta nuna cewa in aka ɗauke mutum daga wani aiki da bai gama ba aka mai da shi kan wani, wani sashe na hankalinsa yana nan maƙale a na farkon, don haka na biyun ma ba zai yi shi da kyau ba. Ita kuma Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta yi shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikata ke tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin su tsallaka wani, a 2004 wajen minti 2 da rabi ne, a 2012 ya sauko sakan 75, a 'yan shekarun baya kuma ya koma wajen sakan 47. Malam Edita ka yi tunani, sakan 47, wane aiki mai zurfi ne zai yiwu a haka? Kuma ba sai ka ɗauki wayar ba ma, a 2015 an yi gwaji a Jami'ar Jihar Fulorida inda aka sa ɗalibai aikin da ke buƙatar lura, aka riƙa kiran wayoyin wasu ana tura wa wasu saƙo, ba su ɗauka ba ba su duba ba, amma jin shigowar kawai ya sa kurakuransu suka ƙaru.

Ka ɗauki akawu da ke daidaita lissafin ƙarshen wata, alƙaluma sun ƙi haɗuwa, ya bi layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ya fara zargin cewa akwai rasit guda da aka shigar sau biyu, yana riƙe da lambobi uku a kansa, na shafin hagu da na dama da bambancin da yake nema, saura ƙiris ya cafke shi, sai oga ya leƙo ya ce kai ɗan zo minti ɗaya ina fayil ɗin nan na jiya. Da gaske minti ɗaya ya ɗauka, ya miƙa fayil ya dawo ya zauna, amma lambobin nan uku sun watse, sai ya koma saman shafi ya fara daga farko, kafin ya iso inda yake an kira mitin. Da yamma shi wannan ogan ne zai tambaya me ya sa har yanzu ba a gama ba. A lissafin oga minti ɗaya ya karɓa, a lissafin akawu rabin awa ta tafi, kuma babu littafin da ake rubuta wannan asarar a ciki shi ya sa ba wanda ke ganinta.

Ko gwanayen duniya ba su tsira daga wannan ba. A 1988 a tseren motoci na Monako, direban nan ɗan Barazil Ayrton Senna ya yi wani zagayen gwaji na neman gurbin da zai tsaya a farkon tsere da har yau ake labarinsa, ya ba abokin ƙungiyarsa Alain Prost ratar kusan sakan 1.4 alhali mota iri ɗaya suke ja ta McLaren, daga baya ya bayyana cewa ya ji kamar ba da saninsa yake tuƙin ba, hanyar ta zame masa kamar rami ɗaya miƙaƙƙe yana ta ƙara gudu, har abin ya ba shi tsoro ya sassauta ya koma rumfar gyaran motocinsu. Ranar tseren kuma yana kan gaba da ratar wajen sakan 50, aka yi masa magana ta rediyo cewa ya rage gudu tunda nasara ta tabbata, ya sassauta, hankalinsa ya rabu, a zagaye na 67 ya daki shingen gefen hanya ya fita daga tseren. In mutum irin wannan zai rasa zaren daga ɗan canjin da aka sa shi ya yi, ina ga ɗan sakandare da ake aike sau huɗu yana tsakiyar aikin gida.

Shi ya sa nake cewa maganar nan ta fi shafar masu iko da lokacin wasu, shugabannin ofis da masu gidan sana'a da malamai da iyaye. Oga ka tara tambayoyinka ka kawo su lokaci guda mana, ba kowane abu ne na gaggawa ba. A ware awa biyu da safe da babu mitin babu kira sai in gobara ce, a daina auna ƙwazon ma'aikaci da saurin amsa saƙo a guruf ɗin WhatsApp na ofis, domin wanda ke amsawa cikin sakan goma kullum to ka tabbata ba ya cikin wani aiki mai zurfi. Iyaye kuma in kun ga yaro ya duƙufa a kan wani abu, ko zane ne ko haɗa wata na'ura ko karatu, har bai ji kiran farko ba, don Allah kar a ɗauke shi a matsayin raini, a ɗan jira shi ko a taɓa kafaɗarsa a ce in ka gama ina nemanka. Wannan abin da yake yi shi ne ainihin abin da za ku zo kuna neman ya iya in ya girma.

Amma akwai wani gargaɗi da ya zama dole in yi, don na san wani zai ce ai ni ma ina nutsewa, ina ɗaukar waya awa uku ta wuce ban sani ba. Wannan daban ne ɗan'uwa. Wata masaniya Natasha Dow Schüll ta yi shekaru tana nazarin masu caca da inji a Las Vegas, ta wallafa aikinta a 2012, kuma abin da da yawansu suka gaya mata shi ne ba don su ci suke zama ba, don su ci gaba da zama cikin wannan yanayin da komai ke ɓacewa ne, har wasu haushi suke ji in sun ci babban kuɗi saboda injin yana tsayawa ya katse su. Injin an ƙera shi ne musamman ya ba ka manufa ƙarama da amsa nan take, irin abubuwan da na ambata a sama, sai dai babu wata iyawa da ke ƙaruwa a jikinka. Haka jan allon waya da yatsa da ba ya ƙarewa, wanda Aza Raskin ya ƙirƙiro a 2006 kuma daga baya ya fito ya nuna nadamarsa. Hanyar bambance su mai sauƙi ce, ka duba yadda ka tashi, wanda ya nutse a aiki na gaske yana tashi da gajiya amma ransa fari kuma ga abu a ƙasa da zai nuna, wancan kuwa yana tashi kansa ya yi nauyi yana jin haushin kansa. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan matasa, domin ƙishirwar nutsewar da Allah ya halitta masu ta gaske ce, an dai samu masu sayar masu da jabu ne.

Kada kuma a ɗauka cewa kowace rana za a samu wannan daɗin, ko kuma in bai zo ba aikin banza aka yi. Sai da iyawa ake nutsewa, ita kuwa iyawa ana samunta ne ta hanyar da ba ta da daɗi sam. Anders Ericsson da abokansa sun yi nazarin ɗaliban goge na Turawa a wata makarantar kiɗa a birnin Balin na Jamus, suka wallafa a 1993, suka ga waɗanda suka fi ƙwarewa suna yin atisaye su kaɗai wajen awa 3 da rabi a rana, a rarrabe da hutu a tsakani, suna maimaita daidai wuraren da suke kuskure, kuma sun fi sauran yin ɗan barcin rana. Irin wannan atisayen wahala ce zalla, kana sane da kowane kuskurenka. Sai bayan hannu ya faɗa ne mutum zai iya sakin jiki. A 2008 Charles Limb da Allen Braun sun sa ƙwararrun masu kaɗa piyano su shida cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna ƙirƙirar kiɗa nan take, sai aka ga sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke sa ido a kan abin da mutum ke yi yana tantance shi ya lafa. To wanda bai iya ba in ya kashe wannan mai gadin ai shirme zai yi, don haka sabon shiga ya yi haƙuri da matakin gumi, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sai barci, wanda mutane suka raina. A wani gwaji da aka wallafa a 2003 daga Jami'ar Pennsylvania, mutanen da aka taƙaita wa barci zuwa awa 6 ko ƙasa da haka na tsawon mako biyu lurarsu ta lalace har ta kai ta wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba, kuma abin tsoron shi ne su a ransu ba su ji sun lalace haka ba. Ɗalibin da ke raba dare yana karatu ido na rufewa yana wanke fuska ya sani ba nutsewa yake yi ba, zaman wahala ne kawai.

Ga wanda yake da iko da lokacinsa ko da awa ɗaya ce, abin da nake ba da shawara shi ne ya zaɓi lokacin da kansa ya fi washewa, tun daren jiya ya rubuta abu ɗaya tak da zai yi da inda zai fara, ya kai wayar wani ɗaki ba wai ya kife ta a kan tebur ba, ya ajiye 'yar takarda a gefe don duk tunanin da ya faɗo masa na in kira wane ko in biya kaza ya rubuta ya ci gaba maimakon ya tashi. Minti goma ko sha biyar na farko za su yi nauyi, zuciya za ta yi ta kawo uzuri, yawancin mutane a nan suke miƙewa alhali dab suke da shiga. Kuma in zai tashi ya tsaya a inda ya san abin da zai yi gaba, ya rubuta shi a layi ɗaya, gobe ba sai ya sha wahalar neman bakin zaren ba.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne ka sa ɗaya daga cikin wakilanka ya zagaya ya tambayi ma'aikata da ɗalibai da masu sana'ar hannu tambaya guda, yaushe rabon da su samu awa ɗaya cur suna aiki ba wanda ya katse su, kuma wa ya fi katse su. Sannan ya je wurin shugabanninsu da malamansu ya karanta masu amsoshin ya ji me za su ce, a buga mana duka ɓangarorin biyu a wannan shafi. In akwai wani ofis ko makaranta da suka taɓa gwada ware lokacin shiru, ina so su rubuto su faɗa mana yadda ta kaya, har da matsalolin da suka ci karo da su.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum